Unguwannin Malamai da Filayensu

A cikin birnin Katsina akwai wata tsohuwar unguwa da a ke kira Masanawa. Sunan nan ya samo asali ne daga Wali Ɗan Masani, wanda aka haifa a 1595, ya rasu a 1667. Shi ne ya wallafa Nafhatul Anbariyya, watau sharhin Ishiriniyar Alfazazi da a ke rerawa a watan Mauludi. A zamaninsa kuma aka yi Wali Ɗan Marina, wanda ya tsara waƙar Larabci bisa nasarar da Sarkin Barno Ali ya samu a kan Kwararrafa. Maƙabartar da ya ke kwance har yau da sunansa a ke kiranta. Saboda haka Bakatsine yana iya kama hannun ɗansa ya kai shi, ya ce ga wurin.

Irin wannan karatu ba a cikin ɗaki kaɗai a ke yinsa ba. Rabinsa a zaure ne, rabi a fili, ƙarƙashin durumi ko ceɗiya, inda almajirai ke shimfiɗa buzu. Littafi in ya tsufa sai a ba magatakarda ya kwafe shi, amma filin da aka yanka aka gina ba ya komowa.

Mutanen Ingila sun lura da haka. A London akwai unguwar marubuta, Bloomsbury, inda Virginia Woolf ta zauna tun daga 1904, gidajenta kewaye da lambuna. A 1931 aka kafa doka wadda ta hana gini a irin waɗannan filaye fiye da 400 a birnin.

To, abin ya shafi ƙasar Dutse ƙwarai. Tun da garin ya zama hedkwatar Jihar Jigawa a 1991, masu neman fuloti sai ƙaruwa su ke yi, kuma fili mai inuwa a tsakiyar gari shi ido ke fara faɗa wa. Tsohon gari irin Garu, da duwatsunsa da itatuwan dabinonsa, bai kamata a bar shi ga sa'a ba.

Ya kamata kowane hakimi ya sa malaminsa ya zaga tare da dagatai da masu unguwa, ya rubuta kowane zauren karatu, da sunan wanda ya kafa shi, da littattafan hannu da ke ciki, da ko gara ta taɓa su. A auna filin da ke gabansa, a ƙidaya itatuwan. A fara da gidajen da malamansu suka tsufa, a kuma aika da kwafi ɗaya zuwa fadar Sarki.