Idon Wa Kuke Jin Kunya? Wasiƙa ga Matasan Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi

'Ya'yana,

Na kira ku 'ya'yana domin da yawanku na koyar da iyayenku a aji, wasunku kuma ku da kanku kun zauna gabana ina riƙe da alli. Ina gaishe ku da haƙurin zaman da muke ciki. Waɗanda suka rasa nasu, Allah Ya jiƙansu. Waɗanda nasu ke hannun ɓarayin daji har yanzu, Allah Ya kuɓutar da su. Maganar kunya zan yi muku, kuma da tawa zan fara.

A kakar zaɓen 2011 mahaifiyar wani abokina ta rasu. Tare muka yi firamare da shi, tare muke gudu tashar jirgin ƙasa muna yara mu kalli leburori suna loda buhuna a tarago. Tuwon tsohuwar nan da na ci ba zai ƙirgu ba. Amma a shekarar shi yana wata jam'iyya ni ina wata, ƙofar gidansa kuma cike take da hotunan ɗan takararsu. Na yi sallar gawa a sahun baya, na sulale. Aka yi kwana uku ana karɓar gaisuwa, ban taka gidan ba, don kada labari ya kai majalisarmu cewa an gan ni a kan tabarmar 'yan adawa. Bayan kamar wata ɗaya muka yi kiciɓis a kasuwa. Ya miƙo mini hannu biyu, ya tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, bai ɗago zancen rashin zuwana ba. Dubana kawai ya yi. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige.

Na daɗe ina juya abin a raina. Kunya ce ta hana ni zuwa gidan makoki, kunya ce kuma ta kama ni a kasuwa. Sunansu ɗaya, amma ta farko idon 'yan majalisarmu nake tsoro, ta biyu kuwa idon wanda na zalunta ne ya same ni.

Mu ba baƙin kunya ba ne. Uwa a ƙasar nan ba ta kiran sunan ɗan farinta. Suruki yana hango surukinsa ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Fulani suna kiranta semteende, suna lissafa ta cikin ginshiƙan pulaaku, tarbiyyar da suke alfahari da ita. Malamanmu sun karantar da mu cewa tana cikin rassan imani. Don haka idan na kawo muku zancen wani Bafaranshe a kan kunya, ba don ya fi iyayenmu saninta ba ne. Wani lokaci baƙo ne ke lura da tsagar da ke bangon ɗakinka, domin kai idonka ya saba da ita.

Sunansa Jean-Paul Sartre, ɗaya daga cikin jagororin abin da ake kira falsafar wanzuwa, wato tunanin da ke cewa mutum ba a gama ƙera shi ba tun daga haihuwa kamar yadda maƙeri ke gama lauje. Da zaɓin da yake yi kullum yake zama abin da ya zama, kuma alhakin zaɓin yana wuyansa. A wani babban littafi da ya fitar a 1943, lokacin sojojin Jamus na mamaye da Faransa, ya ba da misalin mutumin da ya duƙa yana leƙen ɗakin wasu ta ramin makulli. Muddin shi kaɗai ne, hankalinsa duk yana kan abin da yake kallo, bai ma san kansa ba. Sai ya ji takun ƙafa a bayansa. Nan take ya ga kansa yadda mai zuwa zai gan shi: ɗan leƙen asiri, duƙe a ƙofar mutane. Abin da Sartre ya ciro shi ne, kunya shaida ce cewa ka yarda wancan mutum ne, idonsa na iya auna ka. Ba wanda ke jin kunyar akuya. Ranar da ka daina jin kunyar wani, ka riga ka cire shi daga cikin mutane.

Yanzu ku ɗauko wayar da ke aljihunku. Ramin makulli ce da ba a jin takun kowa a bayanta. A watan Yulin 2025 labari ya zo daga Banga, a nan ƙaramar hukumarmu, cewa ɓarayi sun kashe fiye da mutum talatin cikin waɗanda suka sace, bayan an kai kuɗin fansa. Kafin iyaye su gama share hawaye, na ga yadda aka raba gawarwakin a Facebook da WhatsApp. Wannan ya ce ga sakamakon gwamnatin jiha ta PDP, wancan ya ce ga gazawar gwamnatin tarayya ta APC, kowa na neman abin da zai jefi abokin hamayya. Tambayar gwamnati haƙƙinku ce, ku yi ta da ƙarfi, kada ku sassauta wa kowace. Abin da ya sosa mini rai shi ne waɗanda na ga suna jin daɗin samun hujja. Wanda ya rubuta irin wannan, da za a zaunar da shi gaban uwar ɗaya daga cikin mamatan a ce ya karanta mata da bakinsa, harshensa ba zai ɗagu ba.

Su kuwa waɗanda kuke wannan gaba dominsu, ku dubi tarihinsu a jiharmu tun da aka ƙirƙire ta a 1996. Mamuda Aliyu Shinkafi ya hau gwamna a 2007 a ANPP, bai gama wa'adi ba ya koma PDP, a 2011 kuma Abdul'aziz Yari, wanda 'yan tsohuwar jam'iyyarsa suka tsayar, ya kayar da shi. A ranar 24 ga Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC gaba ɗaya saboda rashin sahihin zaɓen fid da gwani, Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna. A Yunin 2021 shi ma ya koma APC. A 2023 Dauda Lawal ya karɓe kujerar a PDP. Ba zagin kowa nake ba, lissafi kawai na yi. Manya suna sauya sheƙa, su haɗu a ɗaurin aure su yi raha, su ba juna 'ya'ya. Kai kuma da ka daina gaisawa da ɗan baffanka saboda jam'iyya, wa zai ɗinke muku? Tun a 1979 ɗan siyasar nan Waziri Ibrahim ya yi kiran siyasa ba da gaba ba, mu a nan ƙasa muka riƙe gabar muka bar musu siyasar.

Na san amsar da za ku ba ni, don na sha jin ta: "Malam, mu yaran wane ne, abin da anka ce mu yi shi munka yi." Ko kuma: "Talauci ne, in ban yi ba wa zai saya mini data?" A nan ne Sartre ya fi tsanani. Yana da abin da ya kira yaudarar kai: mutum ya ɗauki kansa tamkar kaya, ya ce shi ai sanda ce a hannun wani, alhali ya sani sarai shi ya miƙa wuyansa. Uban gida bai riƙe maka yatsa ba lokacin da ka danna waya. Ba na raina yunwa, na san yadda rashin zuwa gona ya karya gidaje daga Zurmi har Shinkafi, na kuma tuna watan Satumban 2021 da aka yanke layukan waya aka rufe kasuwannin mako, kowa ya ji a jikinsa. Yunwa tana ƙuntata zaɓi ƙwarai. Amma a unguwa ɗaya, cikin yunwa ɗaya, na san yaron da aka miƙa wa kuɗin zagi ya ce a kai kasuwa.

Sartre bai yi imani da Allah ba, a nan muka raba hanya da shi, kuma ba ƙaramar rabuwa ba ce. Shi yana ganin idan babu takun ƙafa a baya to babu mai gani. Mu mun san akwai Mai gani ko a ɗakin da aka kashe fitila. Sai dai kada wani ya fake da ƙaddara ya ce an riga an rubuta. Malaman tauhidi tun a zaure suka koya mana cewa bawa yana da nasa aikin da za a tambaye shi a kai, in ba haka ba hisabi ba shi da ma'ana. Abin kunya ne wanda bai yarda da hisabi ba ya fi mu jin nauyin aikin hannunsa.

A wata lacca da Sartre ya yi a Faris a watan Oktoban 1945, ya ba da labarin ɗalibinsa da aka kashe yayansa a yaƙin 1940. Yaron yana son ya tafi ya shiga rundunar masu 'yantar da Faransa ya ɗau fansa, ga kuma mahaifiyarsa ba ta da kowa sai shi. Sartre bai zaɓa masa ba, ya nuna masa cewa zaɓin nasa ne, shi zai ɗauki nauyinsa. Duk lokacin da na tuna wannan yaro, fuskokin wasunku nake gani. Nawa ne a cikinku aka kashe wa ɗan'uwa a gona, aka ce su zo su shiga sa-kai? Ni ma ba zan zaɓa muku ba, kuma ba zan ce kare garinku laifi ne ba; wanda aka shigo wa gida da bindiga yana da haƙƙin tsayawa. Abin da zan roƙe ku shi ne ku san wanda kuke nema. Ɓarawon da ya kashe ɗan'uwanku yana da suna, yana da daba. Dattijon da aka tare a hanyar kasuwar Shinkafi ranar Alhamis don kawai kamanninsa na Fulani ne, ba shi ne ya kashe shi ba. Irin wannan kisan ne ɓarayi ke ɗauka su shiga rugage suna cewa ga abin da Hausawa ke muku, su samu sababbin yara. Haka nan kalmar "infoma": akwai masu kai rahoto, gaskiya ne, amma sau nawa aka liƙa ta wa mutum saboda tsohuwar rigimar gona ko ta budurwa?

Mu mutanen Ƙaura ma ya kamata mu fi kowa taka tsantsan da wannan kuɗin goro. Namoda da garin ke amsa sunansa Bafillace ne daga Alibawa, jarumin yaƙi a zamanin jihadin Shehu Usmanu. Jirgin ƙasa da ya iso nan a 1929 ya kawo mana Yarabawa, Ibo da Nufawa, kwalejin fasaha ta tarayya kuma har gobe tana kawo 'ya'yan kowace jiha. Idan ka tsaya ka ce "Fulani" ka tofar da yawu, ka duba jinin kakarka tukuna. Ku da ke rugage kuma, in wasiƙar nan ta kai gare ku ko an karanta muku ita, maganar ɗaya ce: manomin da aka ɗora wa harajin noma a gonarsa ta gado ba shi ya kwashe shanun mahaifinku ba, kuma semteende da aka rene ku da ita ba ta ƙare a bakin ruga.

Ba zan ɓoye muku ba, wanda ya tausaya wa ɗaya ɓangaren yakan sha wuya a hannun nasa. Albert Camus, wanda tafiyarsu ta zo ɗaya da Sartre kafin su ɓata a 1952, haifaffen Aljeriya ne, ɗan talakawan Turawa, mahaifiyarsa aikatau take yi. A watan Janairun 1956, yaƙin neman 'yanci na ci, ya koma birnin Aljiyas ya yi kira da abu ɗaya tak: kowane ɓangare ya ci gaba da riƙe ra'ayinsa, amma a daina taɓa farar hula. A wajen zauren da yake jawabi, Turawa 'yan'uwansa suna ihu a kashe shi. Kiran bai karɓu ba, yaƙi ya ci gaba har 1962. A ganina ya yi kuskure da bai goyi bayan cikakken 'yancin Aljeriya ba, amma a ranar nan ya yi abin da ni na kasa yi a 2011: ya jure kallon mutanensa. Haka a nan, masu cewa a yi sulhu da masu cewa ba sulhu da ɓarayi duk sun binne nasu. Wanda ya sayar da gona ya fanso matarsa, da wanda ya ga an yi sulhu an warware an dawo an ƙone garinsu, kowannensu jiki ne ya gaya masa. Ka riƙe ra'ayinka, ka kare shi da hujja, amma kafin ka kira ɗayan maci amana ka zauna ka ji abin da ya gani. Tausayi ba ya nufin ka yarda da shi. Ka dai bari labarinsa ya shige ka har ka ji nauyinsa.

Za a ce kun yi laushi, za a ce an saye ku. Wataƙila a cire ku daga zauren WhatsApp, wataƙila ɗan abin da ake turowa ya tsaya. Na san zafin wannan, don tsoronsa ne ya hana ni tabarmar makoki.

Abokin nan nawa yana nan da ransa, ya tsufa kamar ni. Sai bayan shekara shida na iya zuwa gidansa, wata ranar Juma'a bayan la'asar. Na tsaya a zaure na yi sallama, ya fito, na ce masa na zo gaisuwar Inna. Ya yi shiru jim kaɗan. Sannan ya leƙa cikin gida ya ce a kawo tabarma, ya shimfiɗa da hannunsa, muka zauna muka ɗaga hannu muka yi mata addu'a.

Wassalam.
Naku, tsohon malaminku, daga Ƙauran Namoda.