Darasi Ga Masu Awo: Naman Kazan Suri Da Cinikinsa

Ku sani, ya 'yan'uwa fatake da dillalai, akwai haja a dajinmu wadda mu masu hatsi munka raina. Ita ce naman kaza, wanda wasu ke kira laimar kwaɗi. In damina ta kankama yana fitowa bisa suri da kewayensa, tun daga nan Geza har ƙetaren iyaka, inda matan arewacin Benin ke tsinka su kai kasuwa. Gara ce ke noma shi cikin surinta, don haka in anka tona za a ga saiwa doguwa ta nutse ƙasa. Har yau ba a iya shuka shi don sayarwa ba.

To, mutanen Japan sun riga mu gane kuɗin irin wannan haja. Suna da wanda suke kira shitake, shi kan gungume yake fita. A dā sai su sassare gungumen da gatari, su aje a inuwa suna jiran iska ta kawo iri. Caca ke nan. Wajen 1942 wani mai suna Mori Kisaku ya fito da 'yan turaku masu ɗauke da irin, a huda itace a kafa. Bayan kamar shekara biyu sai a fara tsinka. Amma inda muke son ku lura shi ne bayan tsinka: busarwa suke yi, kana su ware. Mai kauri wanda bai buɗe ba, donko, farashinsa daban da na mai faɗi, koshin. Ashe ba mu kaɗai ke raba gero da tsaba da tsakuwa ba.

Suna da wani kuma, matsutake, wanda ya fi kama da namu, don shi ma ba ya shukuwa. A 1941 sun tsinki kusan tan 12,000, yanzu galibi ba ya kai tan 100, saboda dajinsa ya lalace. Masu fasa suri don kai wa 'yan tsaki gara su ji wannan.

Namu ɗanye ba ya wuce kwana biyu. Wanda zai sara ya nemi wanda bai buɗe ba, ya tsaga, ya shanya bisa tabarma a sama, ba ƙasa ba. Nauyi goma ɗanye ɗaya yake komawa, sai a yi lissafi tun kafin a yi tayi.

Sai babbar magana. Cikin laimar daji akwai mai kisa, kuma dafuwa ko shanya ba su cire dafinsa. Zancen wai wanda tsutsa ta ci ba shi da lahani, ƙarya ne. Kada dillali ya karɓi kwando gauraye, ko wanda anka yanke wa gindi. A kawo shi da saiwarsa, daga hannun wadda ta san surin. Wanda kunka ga gindinsa cikin 'yar jaka, ko kyauta ne ku bar shi.