HUKUNCIN WANDA YA KOYO WANKAN GAWA A WATA ƘASA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a yawancin jihohin Amurka mai sana'ar shirya gawa ba ya taɓa mamaci sai da lasin. In ya ƙaura zuwa wata jiha kuwa, sai hukumar can ta duba takardunsa, sau da yawa har ta jarraba shi a kan dokokinta. A ƙasar Rabah da Wurno da Goronyo babu wannan lasin, domin wankan mamaci farilla ce ta kifaya, ba sana'a ba. Amma tambayar ta iso ta wata ƙofa. Ɗalibai suna komowa daga Madina da Alƙahira da ilmin jana'iza a kan mazhabar da ba ta Imamu Malik ba. Shin a sakar musu gawa?

Ilmin da aka samo nesa ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Abin da magabata ke tambaya shi ne wa ya karantar da mutum, wa ya ba shi izini, ba garin da ya yi karatu ba.

Asalin wankan kuwa ɗaya ne. Hadisin Ummu Aɗiyya, Allah Ya yarda da ita, ya nuna a wanke mamaci sau uku ko biyar ko fiye, da ruwa da ganyen magarya, a sa kafur a na ƙarshe, a fara da dama da gaɓoɓin alwala. Wanda ya iya wannan a Madina ya iya shi a Rabah.

Saɓani yana cikin rassa, nan ne kuma rigima kan tashi alhali gawa tana kwance cikin zafin rana. Malikawa sun so likkafanin namiji ya kai ƙyalle 5, na mace 7, Shafi'awa da Hambalawa suka tsaya a 3 da 5. Malikawa sun karhanta yanke farcen mamaci, Hambalawa sun yarda in ya yi tsawo. A sallar gawa Malikawa ba sa karanta Fatiha, addu'a suke yi bayan kabbara, alhali ga Shafi'i Fatiha rukuni ce. Sun kuma karhanta shigar da gawa masallaci, ga shi a Makka da Madina a masallaci ake sallatarta, abin da alhazai ke gani su komo suna tambaya. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, malamai kuwa sun ce ba a inkari a abin da mujtahidai suka saɓa. Saboda haka bai kamata dattijo ya ce aikin yaron ɓatacce ne ba. Yaron kuma da ya kira aikin dattijai bidi'a a gaban masu makoki ya fi kuskure, don ya ƙara wa dangi baƙin ciki a kan abin da shari'a ta yalwata.

Akwai sharaɗin da takarda ba ta iya tabbatarwa, wato amana. Mai wanka yana ganin abin da ko 'ya'yan mamaci ba sa gani, kuma wajibi ne ya rufe aibin da ya gani. Don haka ya dace wanda ya komo ya fara zuwa wurin limamin gari, su bi babin jana'iza na Risala tare, ya zama mai zuba ruwa ga tsohon mai wanka har a san hannunsa da bakinsa. Haka nan mace a wajen mata. Liman kuwa kada ya ja abin da tsawo, domin masu wankan ƙauyuka da yawa sun tsufa, magada kaɗan ne.

Gawar da aka kawo daga ƙetare, in Musulmi sun riga sun wanke ta can, ba a sake wankan, ko da a wata mazhaba aka yi shi. In wata najasa ta fito, sai a wanke wurin kawai, a gaggauta kai ta makwancinta.