Kafin Ka Sayi Sabuwar Sifika, Nemo Inda Ciwon Yake

Darasinmu na wannan mako ya shafi aljihun gidajenmu.

Idan kaka ta yi, aka sayar da masara ko rake, sau da yawa za ka ji wani yayanmu a nan Saulawa ya ce kayan sautin ɗakinsa sun daina daɗi. Sai ya hau mota zuwa Sabon Garin Zariya, ya sayo ƙatuwar sifika, ya dawo ya jona, ya tarar sautin yana nan yadda ya bar shi. Kuɗin guminsa sun tafi, ciwon bai warke ba, domin tun farko ba a sifika yake ba. Shin me ya kamata a fara canjawa?

Hanyar da sauti ke bi

Kayan sauti sassa huɗu ne. Na farko shi ne inda sautin ke fitowa, wato waya, memori ko rediyo. Na biyu amfilifaya, mai ƙara wa sautin ƙarfi. Na uku sifika, wadda ke juya lantarki ya zama motsin iska da kunne ke ji. A cikinta akwai maganaɗisu da naɗaɗɗiyar waya da takarda mai siffar mazurari, tsarin da Chester Rice da Edward Kellogg suka fito da shi a Amurka a 1925. Na huɗu ita ce wutar da ke ciyar da su, ko ta lantarki, ko janareta, ko batir da sola.

Abin kamar ban ruwa ne a fadama. Idan tiyo ya huje, sayen sabon injin ba zai kai ruwa ga tumatir ba. Sashen da ya fi rauni shi ke yanke yadda sauti zai fita.

Gwaji huɗu da ba sa cin ko sisi

1. Canja waya ko memori, ka saurari karatu ko waƙar da ka sani sosai. Idan sautin ya gyaru, laifin na wayar ne ko na abin da aka tura maka.

2. Motsa wayoyin haɗi, ka murɗa maɓallin ƙara murya. Idan ka ji "ƙarar-ƙarar", waya ce ta saki ko ƙurar hunturu ta shiga maɓallin. Wannan aikin mai gyara ne na 'yan mintoci.

3. Idan ɓangare ɗaya ne ke damunka, kashe wuta, ka musanya sifikar dama da ta hagu. In matsalar ta bi sifikar, ita ce mai laifi. In ta tsaya a inda take, a duba amfilifaya.

4. Rage murya ƙasa. Sifikar da takardarta ta yage tana gurnani ko da a hankali ne. Amma idan sauti ya fita tas a ƙasa, sai an ɗaga ya fara fashewa ko yankewa, to ko wuta ta yi rauni, ko an tura amfilifaya fiye da ƙarfinta.

Jerin da ya dace

A fara da abin da yake kyauta. A ɗaure wayoyi, a ɗaga sifika daga ƙasa ta zo daidai kunnen wanda ke zaune. Matsar da ita kusurwar ɗaki yana ƙara mata kauri, janye ta daga bango yana sa magana ta fita sarai.

Sai wuta. Kayan da ake jonawa a soket a Najeriya an yi su ne don bolt 230. Idan wutar ta zo da rauni, amfilifaya ba za ta ba da cikakken ƙarfinta ba. Masu batir mai ruwa na bolt 12 su roƙi mai gyara ya auna shi bayan ya huta: cikakke yana nuna kusan 12.6, idan kuwa ya sauko 12.0, cajinsa ya yi ƙasa sosai. A gida irin wannan, batir ko sitabilaiza ne abin saye na farko.

Idan wuta lafiya lau, sai sifika. Ita ce ke motsi, ita ke tsufa, kuma a nan ne sauti ya fi gurɓata. Don haka canja ta ya fi saurin bayyana a kunne.

Amfilifaya ita ce ta ƙarshe, sai in gwaji ya nuna ta lalace ko ta gaza. Dalili kuwa lissafi ne. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Idan ka tashi daga wat 20 zuwa wat 40, desibel 3 kawai ka ƙara, bambanci kaɗan. Kafin kunne ya ji kamar sautin ya ninka, sai ka kai wajen wat 200.

Hattara a kasuwa

Kada babbar lambar da ke jikin kwali kusa da haruffan PMPO ta ruɗe ka, ta talla ce. Nemi wadda ke kusa da RMS, ita ta fi kusa da ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa. Sannan duba bayan amfilifaya, za ka ga adadin om da take ɗauka, galibi 4 ko 8. Sifika biyu masu om 8, in aka haɗa su a baki ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 4. Guda huɗu sun koma om 2, sai amfilifayar da aka yi don om 4 ta yi zafi, har ta iya ƙonewa. Kuma kada ɗalibi ya buɗe cikinta, domin akwai sassan da ke riƙe wuta ko bayan an cire ta daga soket.

Tambayar mako

Lasifikar taron safe tana fita tas idan shugaban makaranta ya yi magana a hankali, amma tana fashewa da zarar an ɗaga murya. Waɗanne sassa biyu za ka fara bincika, kuma me ya sa? A rubuta amsa a miƙa wa sakataren ƙungiya kafin ranar Juma'a. Za mu liƙa wadda ta fi gamsarwa a fitowa ta gaba, in sha Allahu.