Yadda Muka Haɗa Kwamfutar Makarantarmu da Intanet

 

Mu 'yan ajin ƙarshe mun ga ya kamata mu rubuta abin da muka koya bana, domin na bayanmu su amfana. Kun dai san tsohuwar kwamfutar ofishin Malam, wadda sunayenmu duka ke ciki. A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, ita kuma ba ta da ƙarfin ɗaukar Windows 11. Sai wani yayanmu da ke karatu a Sokodé ya kwashe takardun ciki ya adana, ya sa mata Linux Mint, wadda kyauta ce, ya koma. Da muka kunna, komai lafiya, amma babu intanet. Ga shi saura kwana 5 a tura sunayen masu sauka zuwa ga mai buga shahada. Wasu suka ce a kai ta Sokodé gyara. Malam ya ce, "Ku fara bincike tukuna, daga na kusa zuwa na nesa." Ga yadda muka bi.

Na farko, mun duba ko Wi-Fi ɗin a kashe yake. Wasu kwamfutoci suna da ɗan makunni a gefe, wasu kuma sai an danna Fn tare da maɓallin da ke da hoton eriya ko jirgin sama. Namu a kunne yake, amma ko suna ɗaya bai fito ba.

Na biyu, mun tambayi kwamfutar ko tana ganin katin Wi-Fi da ke cikinta. Muka buɗe Terminal muka rubuta lspci. Cikin jerin da ya fito muka ga sunan Broadcom. To, katin yana nan lafiya, abin da babu shi ne direbansa, wato 'yar manhajar da ke yin tafinta tsakanin katin da sabon tsarin. Wasu katunan Broadcom sai an sa musu direba daban bayan an gama girka Linux.

Nan ne muka tsaya cik: direba yana intanet, intanet kuma sai da direba. Mafita tana aljihunmu. Muka haɗa wayar Android da kwamfuta da igiyar caji, muka kunna raba intanet ta USB a saitin wayar. Wannan hanya ba ta bi ta katin Wi-Fi, shi ya sa ta yi aiki. Layin Yas ko na Moov Africa duk ɗaya ne, muddin akwai forfe. Amma ku lura, wata igiyar caji kawai take yi, ba ta ɗaukar bayanai. In wayar ba ta ga kwamfuta ba, ku canza igiya.

Na uku, agogo. Da muka buɗe Firefox sai ta ce shafin ba amintacce ba ne. Ashe kwanan watan kwamfutar ya koma shekarun baya, saboda ƙaramin batirin ciki mai kama da kwabo, wanda galibi CR2032 ne, ya mutu. Shafukan intanet suna da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, in agogonka ya kauce sai a ƙi karɓarta. Muka gyara kwanan wata da hannu, muka zaɓi yankin Lomé. Ku tuna Togo tana kan GMT, Benin da Najeriya sun riga mu da awa ɗaya.

Na huɗu, muka buɗe Gestionnaire de pilotes, tunda kwamfutar da Faransanci aka saita ta. Ya nuna mana direban Broadcom, muka sa, muka kashe muka kunna. Sai ga sunayen Wi-Fi na maƙwabta sun fito, amma ban da na wayar Malam. Dalili kuwa, wayar tana watsawa a kan 5 GHz, tsohon katinmu kuma 2.4 GHz kaɗai yake ji. Muka mayar da wayar 2.4, suna ya bayyana.

Na biyar shi ne wanda ya fi ba mu dariya daga baya. Sau 6 muna rubuta kalmar sirri tana ƙi. Wata ƙanwarmu ce ta ce a danna wurin nuna haruffa. Ashe allon rubutunmu AZERTY ne irin na Faransa, amma an saita tsarin a QWERTY. In ka danna A sai Q ta fito, in ka danna Z sai W. Muka gyara saitin allon, nan take ta shiga. A AZERTY kuma, kada ku manta, lambobin layin sama sai an riƙe Maj.

Na ƙarshe, gwaji. In kwamfuta ta ce ta haɗu amma shafi bai buɗe ba, ku rubuta ping 8.8.8.8 a Terminal. In babu amsa, ku duba wayar, wataƙila forfe ne ya ƙare. In akwai amsa amma sunayen shafuka ba sa buɗewa, matsalar DNS ce, wato abin da ke juya suna zuwa lamba. Sai a sa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 a wurin DNS cikin saitin haɗin.

Alhamdu lillahi, sunaye sun tafi saura kwana 3, ba mu biya kuɗin mota ko na gyara ba. Shawararmu ga 'yan ajin da ke biye da mu: ku riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuna rubuta abin da kuka taɓa, don in ya lalace ku san inda za ku koma. Mun bar wannan jeri a littafin ofis, kuma batirin nan har yanzu ba a sauya shi ba, duk mai zuwa Sokodé ya tuna.

 

Ɗaliban ajin ƙarshe