Mura Da Tari A Ƙasar Baƙunci: Darasi Ga 'Yan Nijeriya Mazauna Ƙasashen Waje

Kowace shekara dubban 'yan Nijeriya sukan tashi zuwa ƙasashen waje, waɗansu don neman ilmi, waɗansu don aiki ko fatauci, waɗansu kuma su bi mazajensu ko iyayensu. Galibi mai tafiya yakan yi tanadin rigunan sanyi da takardun shiga ƙasa, amma da wuya ya tambayi irin cututtukan da zai tarar a can. An shirya wannan darasi dominsu, da kuma domin iyayen da ke gida, waɗanda akan bugo musu waya da tsakar dare a ce jikansu yana tari, me za a ba shi. Za mu duba cututtukan hanyar numfashi waɗanda ƙwayar bairas ke kawowa, da yadda suka sake hali tun daga 2020, da yadda ya kamata baƙo ya zauna da su.

Waɗanne Ƙwayoyi Ne?

Bairas wata ƙwayar cuta ce wadda ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba ta iya hayayyafa sai ta shiga jikin mai rai. Masu bin hanyar numfashi suna da yawa, amma huɗu ne suka fi damun jama'a. Akwai masu kawo mura ta yau da kullum, wadda kan wuce cikin mako guda ko kwana goma. Akwai marisuwa, watau abin da Turawa ke kira infuluwenza, wadda kan kayar da mutum farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi. Kakanninmu sun san ta, gama a watan Satumba na 1918 jirgin ruwa ya kawo ta Ikko, ta bi hanyar jirgin ƙasa har Arewa, ta yi ɓarna mai yawa. Har yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasin cewa marisuwa tana kashe tsakanin mutum 290,000 zuwa 650,000 kowace shekara. Sa'an nan ga korona, wadda ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019. Ta huɗun ita ce RSV, wadda ga babba mai ƙarfi mura ce kawai, amma ga jariri takan toshe ƙananan hanyoyin iska na cikin huhu.

Duk huɗun hanyarsu ɗaya ce. Mai ciwo yakan fitar da su in ya yi tari ko atishawa, har ma in yana magana ko numfashi kawai, na kusa da shi ya shaƙa. Hannu ma yakan ɗauka daga marfin ƙofa ya kai hanci ko ido.

Sanyi Da Ɗakin Da Aka Rufe

A gida mun saba cewa sanyi ne ya kama wane. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don kuwa ƙwayoyin nan sun fi daɗewa da rai a busasshiyar iska mai sanyi, kuma sanyi yana rage ƙarfin hanci wajen tare su. Amma babban dalilin da ya sa ciwo ke yawa a Ingila da Jamus da Kanada da Amurka daga Disamba zuwa Fabrairu shi ne yadda mutane ke zama. Kowa ya shige ɗaki ya rufe ƙofa da taga, ya kunna na'urar ɗumama ɗaki, iskar da wannan ya fitar ita wancan zai shaƙa. Haka yake a aji, haka a bas, haka a jirgin ƙarƙashin ƙasa.

To, nan ne baƙo ya fi ɗan ƙasa shiga haɗari. Ya fito daga inda ake zama a zaure ko a gindin bishiya, iska tana kaɗawa, ya zo inda ɗari ke shiga ƙashi. Ga kuɗin wuta da na gas da tsada. Saboda haka sai ya toshe kowace kafa da tsumma, ya yi wata uku bai buɗe taga ba. Ga shi kuma tsadar haya ta sa ɗalibai huɗu ko biyar suna gida ɗaya, madafa ɗaya, makewayi ɗaya. In ɗaya ya kwaso marisuwa ran Litinin, kafin Jumma'a gidan duka yana kwance, gama kwana biyu ne galibi tsakanin shaƙar ƙwayar da fara ciwo. Maganin wannan ba ya cin kuɗi mai yawa. A buɗe taga na minti goma sau biyu ko uku a yini, musamman bayan baƙi sun tashi. Ɗumin da ya fita zai dawo cikin ɗan lokaci. Wanda ya kamu ya keɓe a ɗakinsa, ya sa takunkumi in zai fito madafa, a riƙa wanke hannu da sabulu.

Akwai wani gargaɗi da ya wajaba a yi a nan, ko da yake ba na bairas ba ne. Kada a kuskura a shigar da kaskon gawayi cikin rufaffen ɗaki don jin ɗumi. Gawayi, da kuma na'urar gas da ta lalace, suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, ana kiranta kabon monoksaid. Alamunta ciwon kai ne da jiri da kasala da tashin zuciya, kamar dai marisuwa, sai dai babu zazzaɓi. In mutanen gida duka suka ji haka lokaci ɗaya, kuma suka ji sauƙi da sun fita waje, to, a bar gidan nan take a kira taimako.

Abin Da Ya Sake Tun Daga 2020

Dā cututtukan nan suna da lokacinsu sananne, kamar yadda manomi ya san damina. Matakan da aka ɗauka don korona, watau kulle da takunkumi da rufe iyakoki, sun rikita wannan tsari. A hunturun 2020 zuwa 2021 marisuwa ta kusa ɓacewa a Turai da Amurka. Har wani reshe nata da ake kira Yamagata ba a sake tabbatar da shi ba tun Maris na 2020, abin da ya sa aka cire shi daga allurar rigakafi a ƙasashe da yawa. Da aka sassauta, sai RSV ta ɓullo a tsakiyar lokacin zafi na 2021, lokacin da ba a saba ganinta ba. A ƙarshen 2022 kuma marisuwa da RSV da korona suka haɗu gaba ɗaya, asibitocin yara a Amurka da Kanada suka cika, har maganin zazzaɓi na yara ya yi wuya a kantunan Kanada. Dalili kuwa shi ne yaran da aka haifa cikin kulle ba su taɓa gamuwa da ƙwayoyin ba, sai suka gamu da su a tare.

A ranar 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa da ta ɗora wa korona. Cutar dai tana nan, tana sake kama, kuma ba ta tsaya wa hunturu kaɗai ba, takan taso da lokacin zafi ma. Marisuwa ita ma ba ta koma daidai kan tsohon lokacinta ba, don a 2025 ta iso Japan da Ingila makonni da dama kafin lokacin da aka saba. Wanda ya ce sai Disamba zai nemi allura, ya makara.

A ƙarshen 2024 hotuna suka bazu a wayoyi cewa wata sabuwar annoba mai suna hMPV ta cika asibitocin Sin, 'yan kasuwarmu masu zuwa Gwanzu hankalinsu ya tashi. Ƙwayar ba sabuwa ba ce. Masana a ƙasar Holan ne suka gano ta tun 2001, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawan da aka gani bai wuce na hunturu ba. Murar tsuntsaye ta H5N1 ita ce masana suka fi sa wa ido. Mun san ta, gama a wata gonar kaji a Jihar Kaduna aka fara samunta a Afirka a 2006. A Maris na 2024 aka same ta cikin shanun madara a Amurka, ta kama waɗansu ma'aikatan gona, aka yi rashi na farko a Jihar Luwiziyana a Janairu na 2025. Mai aikin gona ko mayanka ya kiyaye, kowa kuma ya guji madarar da ba a dafa ba. Mazauna Saudiyya su ma su guji ɗanyen nonon raƙumi saboda cutar MERS, wadda aka gano a can a 2012.

Zazzaɓi Da Neman Magani

A gida in jiki ya yi zafi, sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne, a aika yaro kemis ya sayo magani, a haɗa da kafso. Mutane da yawa sukan cika jaka da waɗannan magunguna su tafi da su. Wanda ya shekara a Landan ko Toronto bai zo gida ba, zazzaɓinsa da wuya ƙwarai ya zama na sauro. Kafso irin su amfisilin kuwa bakteriya suke kashewa, ba su taɓa bairas ko kaɗan, shi ya sa a Turai da Amurka ba a sayar da su sai da takardar likita. Baƙo yakan ji haushi in likita ya sallame shi da cewa ya huta, ya sha ruwa, ya sha farasitamol. Ba raini ba ne, maganin ke nan. Amma a kula, garin maganin mura da ake damawa da ruwan zafi galibi akwai farasitamol a ciki, kuma babba ba ya wuce giram 4 a yini da kwana. Wuce haka yana lalata hanta. Yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ba a ba shi asfirin.

Juyin wannan magana ya fi haɗari. Wanda ya zo gida hutu ya koma, sa'an nan zazzaɓi ya kama shi, lalle ne ya faɗa wa likita da bakinsa cewa daga Nijeriya yake, a gwada jininsa a ranar. A tsakiyar hunturu likita yana ganin masu marisuwa da yawa kullum, yana iya ɗaukarsa ɗaya daga cikinsu. Wanda ya daɗe a waje kuwa ƙarfin da jikinsa ke da shi a kan zazzaɓin sauro ya ragu.

Hanyar ganin likita ta bambanta. A Ingila mutum yakan yi rajista da likitan unguwa kyauta, kuma ya kamata ya yi tun makon da ya sauka, tun yana lafiya. In ana neman shawara a buga 111, in rai na cikin haɗari 999. A ƙasashen Tarayyar Turai 112 ne, a Amurka da Kanada 911. A Amurka a san abin da inshora ta ƙunsa tun kafin ciwo ya zo. Marisuwa tana da magani, amma ya fi aiki in an fara shi cikin sa'a 48, saboda haka mai ciki da tsoho da mai fuka da mai ciwon sukari kada su jira. Mai amosanin jini, watau sikila, in zazzaɓi ya kama shi asibiti zai nufa kai tsaye.

Ga alamun da ba a kwana da su: numfashi da ƙyar, ciwon ƙirji, ruɗewa, yaro ya ƙi nono ko haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja iska, ko jaririn da bai kai wata uku ba zafinsa ya kai digiri 38. Littattafan Turawa sukan ce fata za ta yi shuɗi in iska ta yi ƙaranci. A baƙar fata wannan ba ya fitowa sosai, sai a duba leɓe da dasashi da harshe, a ga ko sun yi toka-toka. Har ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini yakan nuna fiye da gaskiya ga mai duhun fata. In abin ya nuna lafiya amma mutum yana haki, a gaskata hakin.

Rigakafi Da Wurin Aiki

Allurar marisuwa kowace shekara ake sabunta ta, domin ƙwayar tana sake kama, kuma sai ta yi kamar mako biyu kafin ta fara aiki. A ƙasashen arewacin duniya Satumba da Oktoba ne lokacinta. A Afirka ta Kudu da Ostireliya, inda sanyi ke zuwa daga Yuni, sai a yi ta wajen Afrilu. A Ingila kyauta ce ga mai ciki, da ɗan shekara 65 zuwa sama, da masu ciwo mai daɗewa, har da sikila. Ta yara a hanci ake fesawa, kuma akwai sinadarin da aka samo daga alade a cikinta. Iyayen da ba su yarda da ita ba suna da ikon neman ta allura, wadda babu wannan a ciki, maimakon su hana yaro gaba ɗaya. An amince da allurar RSV ta farko a Amurka a 2023, kuma tun Satumba na 2024 Ingila ke yi wa mata masu cikin mako 28 zuwa sama, don jariri ya fito da kariya.

'Yan Nijeriya da yawa da suka tafi Ingila daga 2022 aikin kula da tsofaffi suke yi. Mun san abin da ke sa mutum ya tafi aiki yana tari: kuɗin haya, da na makaranta, da waɗanda ke jira a gida. A Amurka ma babu dokar tarayya da ta tilasta wa kamfani biyan ma'aikaci ranar da ya kwanta ciwo. Duk da haka murar da saurayi zai yi kwana uku da ita tana iya kai ɗan shekara 85 kabari. A karanta takardar aiki tun da wuri, a san haƙƙin hutun ciwo da lokacin da ake bukatar shaidar likita.

Haka kuma mai zuwa gida a watan Disamba ya tuna daga tsakiyar lokacin marisuwa ya fito, ya kuma kwana cikin jirgi da ɗaruruwan mutane. Ya yi allurarsa mako biyu kafin tafiya. In ya sauka da tari ko zazzaɓi, ya jinkirta shiga ɗakin tsofaffi da na mai jego har ya warke, ya aika a gaishe su, ya faɗi dalili.