Rabe-Raben Halayen Ɗan Adam da Ƙirar Taurarin Ƙagaggen Labari: Misali daga Ƙasar Zagga

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa zama da niyyar rubuta ƙagaggen labari ya san jigo ba ya wuyar samuwa, haka nan wurin da labarin zai gudana. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen taurari, watau mutanen da za a ɗora wa labarin. Sau da yawa akan ba tauraro suna da gari da sana'a, amma da ya buɗe baki sai a ji muryar marubucin ce ke fita. Don gudun haka ne wasu marubuta kan nemi taimakon tsare-tsaren da suka karkasa halayen mutane gida-gida, su zaɓi gida ɗaya su sa tauraronsu a ciki. Wannan maƙala za ta duba irin waɗannan tsare-tsare, na Turawa da waɗanda Bahaushe ya daɗe da su, ta nuna amfaninsu da inda amfanin ya tsaya, sannan ta gwada su a kan wani tauraro na misali daga ƙasar Zagga ta ƙaramar hukumar Bagudo a Jihar Kabi.

Tsarin da ya zo daga waje

Tsarin da ya fi yaɗuwa tsakanin masu koyon rubutu a ƙasashen Turai da Amurka shi ne na Myers da Briggs. Asalinsa littafin da masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung ya fitar a 1921 a kan nau'o'in hali. Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka ɗauki ra'ayinsa suka mayar da shi jerin tambayoyi a shekarun 1940. Tambayoyin na auna mutum ta fuska huɗu: ko mai son cuɗanya ne ko mai son kaɗaici, ko ya fi dogara da abin da ido ya gani ko da hasashe, ko da lissafi yake yanke hukunci ko da abin da zuciya ta ji, ko mai son a rufe magana ne ko mai barin ƙofa a buɗe. Idan aka haɗa waɗannan sai a sami gidaje 16. Masana da dama sun soki tsarin, musamman ganin mutum guda kan amsa tambayoyin yau ya faɗa wani gida, bayan 'yan makonni ya sake amsawa ya faɗa wani. Wannan suka ba ta dami marubuci sosai ba, tun da shi ba asibiti ya buɗe ba. Abin da ya kamata ya dame shi shi ne tambayoyin an gina su ne a kan rayuwar ofis da makarantar boko, ba su da abin cewa game da kunya ko kara ko alkunya, alhali kuwa a kan waɗannan ne rabin rikicin labaran Hausa ke juyawa.

Abin da ke gida

Karkasa hali ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malaman ɗibbu sun gaji tsarin ɗabi'u huɗu daga littattafan Larabawa, su kuma daga likitocin Yunanawa. A wannan tsari, wanda jini ya rinjaya a jikinsa zafi da danshi ne ɗabi'arsa, ga fara'a da son mutane. Mai safra'u zafi da bushewa gare shi, shi ne mai saurin fushi da kaifin ƙwaƙwalwa. Mai sauda'u sanyi da bushewa, ga yawan tunani da zargi da riƙo. Mai balgamu kuwa sanyi da danshi, ga nawa da haƙuri da yawan barci. Littafin Rahama, wanda ake jingina wa Suyuɗi, kuma ake samu wurin masu sayar da littattafai a kasuwannin Arewa, da bayanin waɗannan ɗabi'u ya fara. Wannan tsari ne dai marubucin wasan kwaikwayo na Ingila Ben Jonson ya gina wasansa na 1598 a kansa, inda kowane ɗan wasa ɗabi'a ɗaya ke jansa kamar raƙumi da akala.

Tatsuniya ma tana da nata gidajen. Da an ambaci Gizo, yaro ya san za a yi wayo da haɗama. Kura ga ƙarfi ga wauta ga tsoro. Dila malamin daji. Ƙoƙi mai haƙuri da miji. Ta fuskar kyawawan halaye kuma, Anthony Kirk-Greene, a laccar da aka buga a 1974 kan mutumin kirki, ya lissafa siffofi 10 da Bahaushe ke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci.

Amma tsarin da ya fi kowanne cika da faɗi shi ne na bori, kuma a nan ana duban sa ne a matsayin kayan nazari, ba don wani abu ba. 'Yan bori sun ce iskoki na zaune a birnin Jangare, kuma Fremont Besmer, a littafinsa na 1983 da ya ginu kan binciken da ya yi a Kano, ya nuna an raba su gidaje 12. Kowane iska yana da dangantaka da sauran, yana da tufafinsa, da irin tafiyarsa, da kiɗansa, da abin da yake so da abin da yake ƙi. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai ado da caca da kyautar ganin ido. Malam Alhaji dattijo ne mai tari da tasbaha da karatu. Sarkin Rafi mai hauka ne da faɗuwa da ƙarfi. Inna Bafilatana ce mai nono da shanu, mai alheri ga nata, mai tsanani ga wanda ya saɓa mata. Idan aka lura, abin da malamin koyar da rubutu ke nema ga ɗalibi ke nan, watau ya san yadda tauraronsa ke zama da tashi da magana tun kafin ya sa shi a takarda. Har ila yau tsarin ba a rufe yake ba. Wajen 1925, a yankin Filinge na ƙasar Nijar, aka sami sababbin iskoki masu kwaikwayon gwamna da kwamanda da sojan mulkin mallaka, waɗanda Zabarmawa ke kira Hauka, Hausawa kuma Babule, kuma su ne Jean Rouch ya ɗauka a fim a Ankara ta ƙasar Gana a tsakiyar shekarun 1950. Ashe ke nan da sabon irin mutum ya shigo gari sai a gina masa ɗaki.

Inda amfanin ya tsaya

A 1927 marubucin Ingila E. M. Forster ya raba taurari kashi biyu: mai fuska ɗaya, wanda jimla guda ta isa ta bayyana shi, da mai fuskoki da yawa, wanda ke iya ba mai karatu mamaki ta hanyar da hankali zai karɓa. Duk tsare-tsaren da aka ambata a sama taurari masu fuska ɗaya suke haifarwa, domin aikinsu shi ne su faɗi abin da mutum zai yi kullum. Wannan ba aibi ba ne a ko'ina. Malam Zurƙe ɗan Muhamman na Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta don gasar Hukumar Fassara ta Zariya ta 1933, Gizo ne aka sa wa riga da rawani, kuma daɗin littafin duka yana ga sanin cewa duk garin da ya haɗu da Alhaji Imam sai ɗaya ya yi wa ɗaya tsiya. Da Zurƙe ya shiryu a tsakiyar littafi da an yi hasara.

Sai dai a duba Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shi Umar mutumin kirki ne tun daga farko har ƙarshe, kusan a ce an bi jerin siffofin nan 10 ana cikawa, saboda haka abubuwa ne ke faruwa da shi, shi ba ya faruwa da kome. Wadda ke tsaya wa mai karatu a rai ita ce mahaifiyarsa, macen da gidan halinta ya ce ta zauna ta yi haƙuri ta jira, amma ta tashi ta bi ayari ta shiga hamada neman ɗanta, har ta faɗa bauta. Haka Abubakar na Jiki Magayi: saurayi ne mai ladabi har ranar da mai kuɗi ya ƙwace masa Zainabu, daga nan neman fansa ya mayar da shi wani mutum dabam. Hausawa sun ce hali zanen dutse, amma waɗannan littattafai biyu sun nuna labari kan fara numfashi ne a daidai inda dutsen ya tsage.

Gwaji a ƙasar Zagga

Ƙasar Bagudo, inda Zagga take, wuri ne da ya dace da wannan gwaji. Kogin Kwara ya ratsa ta, ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, wadda ake kira Dahomey kafin 1975, kuma iyakar kanta yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta shata ta, ta raba ƙasar Bargu biyu, ta bar Illo a hannun Ingila. Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Busawa suna cin kasuwa ɗaya, da yawansu kuma suna da dangi a ƙetare. A irin wannan wuri akwai wani tsarin karkasa hali na huɗu da ba a rubuta ba, watau na ƙabila da sana'a, wanda wasan taubasantaka ke rayawa, irin wanda ke tsakanin Kabawa da Katsinawa ko Fulani da Barebari. A dandali wannan wasa ne, domin wanda aka tsokana yana nan zai rama. A takarda kuwa ba mai ramawa. Ɗalibin da ya ɗauki abin da ake faɗa wa Bafillace ko Badandi cikin raha ya mayar da shi halin tauraro, ya rubuta ƙazafi ne a kan maƙwabtansa, kuma littafin zai kai inda ba a san wasa ba ne. Wannan ne haɗarin da ya fi girma, ya fi na rashin armashi.

A ɗauka ɗalibi yana son ya rubuta labarin wani saurayi ɗan Zagga mai ɗauko shinkafa a babur daga ƙetare. Fasa-ƙwauri ba sabon jigo ba ne, Sulaiman Ibrahim Katsina ya taɓo shi a Turmin Danya tun farkon shekarun 1980. Idan ɗalibin ya tsaya ga gidan sana'a, zai sami ɗan fasa-ƙwauri mai ido a tsaitsaye da ƙaryar tsiya, wanda kowa ya riga ya sani. Gara ya bar sana'a ya nemo gidan hali daga wani wuri. A ce ya zaɓi na Ɗan Galadima. Nan take ya sami abubuwa da yawa kyauta: saurayin nan ba ya kwana da kuɗi, babur ɗinsa ya fi na kowa ado, maroƙa sun san ƙarar injinsa, ba ya iya cewa babu a gaban mutane, kuma abin da yake tsoro ba kamu ba ne, a ce ya tsiyace ne. Idan aka auna shi da ɗabi'u huɗu mai jini ne. A ma'aunin Myers da Briggs mai cuɗanya ne da barin ƙofa a buɗe. Ma'aunan uku sun yi daidai, kuma har yanzu babu labari, sai hoto.

Labari zai samu ne idan aka ɗora masa abin da gidansa ba zai iya ɗauka ba. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, sai a Disamban 2020 aka fara buɗe wasu. A ce ana gab da rufewar wani abokin cinikinsa Badandi na ɗaya ɓangaren ya ba shi ajiyar kuɗin auren ƙanwarsa, sannan aka tsare abokin a can, hanya kuma ta toshe. Ga mutumin da ba ya kwana da kuɗi an bar shi da kuɗin wani wata 16, a daidai lokacin da tasa sana'ar ta yi wuya, maroƙa kuma ba su daina zuwa ba. Yanzu kowane zaman majalisa gwaji ne. Tsarin ya ce zai ci kuɗin, mai karatu ma haka yake zato, kuma wannan zaton shi ne babban abin da tsarin ya ba marubuci, domin sai an yi zato ake yin mamaki.

Hanya biyu ce ke da sauƙi a nan, kuma duka biyun marasa kyau ne. Ta farko a bar shi ya ci kuɗin don a tabbatar da hali zanen dutse. Ta biyu a sa ya ji wa'azi ranar Juma'a ya wayi gari Shaihu Umar. Hanya ta uku ita ce a nemo dalilin riƙon amanar daga cikin aibin nasa. Mutumin da ke kyauta don a faɗa, shi ne kuma wanda ba zai jure a ce a kasuwar Lolo ko ta Tsamiya ɗan wane ya ci amanar baƙo ba. Saboda haka yana iya riƙe kuɗin don girman kai, ba don tsoron Allah ba, ya sayar da babur ɗin da ake yi masa kirari da shi don ya ci gaba da yi wa maroƙa kyauta, ya riƙa ƙaryar cewa ya aika a sayo masa sabo daga Kwatano. Yana iya taɓa kuɗin sau ɗaya da dare, ya mayar kafin asuba, kuma kada marubuci ya bayyana dalili. Mahaifiyarsa, wadda ta san inda ya binne tukunyar, tana iya yin kamar ba ta sani ba saboda alkunyar ɗan fari, ko da gidan babu hatsi. Shi kuma abokin, ranar da ya dawo, kada a bar shi Badandi kawai. A ba shi nasa gidan halin, wataƙila na mai sauda'u, mai zargi da riƙo, wanda ya shafe watannin nan yana shirya maganar da zai gaya wa maciyin amana, sai ga shi an ajiye masa kuɗinsa cif a kan tabarma, ya rasa inda zai kai fushin da ya tara, har ya zauna yana ƙirga su sau uku a gaban mutane.